Ajiye gudumar nan tukuna

Jiya bayan la'asar ina dawowa daga masallaci a nan Agege sai na tarar da yaron maƙwabcinmu ya jingine tsohuwar Suzuki A100 ɗin babansa a bakin kwata, ya cire murfin magneto, abin nan da ke haɗa wa babur wuta, guduma a hannun dama, waya a hagu yana kallon bidiyon wani Ba'indiye. Na ce kai me za ka yi, ya ce Kawu wuta ce ba ta kawowa zan ciro magneto in duba. Da guduma? Wallahi sai da ƙafata ta dama ta amsa.

Don ni ma na yi. Lokacin wahalar man nan ta 1994 ina da Yamaha YB100, da ita nake ɗaukar kaya daga kasuwar Mile 12. Da safe kik ɗaya ta tashi, amma da ta yi zafi, wajen Oshodi haka, sai ta fara tari ta mutu, in tura ta gefen titi in zauna kamar minti 15 ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Na ce man 'yan bumburutu ne, kuma kar ku ga laifina, a lokacin kowa ya san ana gauraya fetur da kananzir, ko waye a matsayina abin da zai fara zargi ke nan. Na wanke kabureta har sau uku. Na canja filogi huɗu. Na sayi batir, alhali babur mai magneto ba ruwan tashinsa da batir, shi ke haɗa wutarsa da kansa in yana juyawa, amma wa zai faɗa mini, ni da nake ganin na fi ƙarfin tambaya. Na je kasuwar kayan gyara ta Ladipo na sayo kwayil, abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi, ban ma gwada tsohon ba na jefar da shi.

Da duk suka ƙi sai na ce bari in leƙa bayan magneto. Akwai abin zare shi da ake kira fula, ana murɗa shi a tsakiya ya turo magneto a hankali, makanike ya ce in bar jingina kafin ya ara mini, na ji haushi na dawo gida na sa sukundireba ta baya na dinga bugun kan sandar da guduma. Ya fita kam. To ba ni da kuɗi ne a ranar, iyali na jira, ba wai hauka ba ce zalla… amma dai hauka ce. Na lanƙwasa bakin karanshaf, wato sandar da magneto ke zaune a kai, ɗan ƙarfen nan mai kamar rabin wata da ke riƙe magneto a mazauninsa shi ma ya tsage ban lura ba. Da na mayar, wuta tana zuwa amma ba a lokacinta ba, na taka kik ya dawo mini da ƙarfi ya daki idon sawuna, sati biyu ina sallah a zaune.

Wani tsohon makanike Bayarabe a Mushin shi ya duba daga baya. Ya kalli kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikin magneto don sakin wuta, ya ga bakinsa ya ƙone ya yi ramuka, ya ce aboki kwandansa ce, in ta yi zafi take saki, ita ce kuwa ke hana bakin kwantak ƙonewa. Abin da bai kai kuɗin filogi biyu ba. Babur kuwa daga nan bai sake daidai ba, girgiza kamar injin markaɗe, a arha na sayar.

Na yi niyyar jero muku abubuwa goma amma na san ba za ku karanta ba, ku da ba ku iya kallon abu ya wuce minti ɗaya. Fara da filogi. Cire shi, mayar da shi cikin hularsa, ɗora jikinsa a kan injin ka taka kik a inuwa. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas tas lafiya ce, je ka nemi matsalarka a wajen mai. Ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, to bi waya, musamman wadda ta tafi makulli, in ta goge ta taɓa bodi duk wutar ƙasa za ta bi, kuma daminar Legas ba ta barin waya lafiya. Filogi baƙi mai maiƙo kuwa sau da yawa man 2T ne, man injin da ke ƙonewa tare da fetur, ya yi yawa. Kwantak in ya buɗe iyakarsa tsakanin milimita 0.3 zuwa 0.4 ake so, ta tagar magneto ake goge shi a saita, ba sai an ciro komai ba. Abu ɗaya za ka canja ka gwada, kar ka jefar da tsohon.

In ya kai ga ciro magneto kai wa makanike. Ko da yake wane makanike, na yanzu Bajaj Boxer kawai suka sani, CDI, ɗan akwatin wutar da ya maye gurbin kwantak, ya mutu a cire a sa sabo, ka nuna musu kwantak su tsaya suna kallonka. Gara ka koya da kanka. A'a, nemi tsoho mai furfura ka zauna kusa da shi, ka saya masa shayi, ka yi shiru. Shirun ne ba za ku iya ba.

Na karɓe gudumar na ce ya ciro filogi, muka ɗora a kan injin, ya taka, babu ko ƙyas. Na bi wayar makulli da yatsa sai ga ta a ƙarƙashin tanki ɓera ya ci rabinta tana manne da ƙarfe. Muka naɗe da salatif, kik na biyu ta tashi, hayaƙi ya cika layin har mai ƙosai ta yi mana tsawa. Ya ce Kawu tsaya in ɗauke ka bidiyo ka maimaita. Gudumar tana ɗakina, sai babansa ya dawo daga Funtua zan ba shi.