Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aiki Ɗaya, Albashi Biyu

Masu bibiyata, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda na kama aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila, da bizar da kamfanin ya tsaya mini.

Aikin ba na rago ba ne. A tsaye ake wuni: ki ɗago tsohuwa daga gado, ki yi mata wanka, ki lallashe ta ta haɗiye magani. Akwai wani abokin aikina, ɗan ƙasa, wanda tare aka ɗauke mu kuma matsayinmu ɗaya. Wani dare yana mitar haraji, sai ya miƙo mini takardar albashinsa. Idona ya sauka kan kuɗin awa. Nasa ya fi nawa. Gabana ya faɗi.

Na kai kukana wurin wata baiwar Allah da ta daɗe a ƙasar. Na ce, "Yaya, haka dokarsu take?"

Ta ce, "Ƙanwata, ko kusa." Ta ba ni labarin matan da ke ɗinka rigunan kujerun mota a Dagenham da ke gabashin Landan, waɗanda yajin aikinsu na 1968 ya share hanyar dokar daidaita albashi ta 1970. A 2010 aka haɗe ta cikin Dokar Daidaito, wadda ta kuma hana bambanci saboda launin fata ko ƙasar da mutum ya fito. Kotun ma'aikata na iya sa a biya mace gibin har na shekara 6 baya, amma sai an fara bi ta hukumar sulhu ta Acas.

Na yi murna, sai ta riƙe hannuna. "Kin tuna wa ke riƙe da bizarki?"

Nan gizo ke saƙar. Idan kamfani ya sallame ki, yawanci kwana 60 ake ba ki, ki samo wani mai tsaya miki ko ki tattara kayanki. Doka ta hana a hukunta mai ƙorafi, gaskiya ne, amma shari'a takan ci watanni, ga bashin da na ciwo kafin na taho, ga yara suna jira. Wallahi wannan tsoron ne ke rufe bakin mata da yawa, kuma zalunci ne a ba mutum haƙƙi sannan a ɗaure zamansa a hannun wanda zai kai ƙara.

Duk da haka na rubuta wasiƙa, cikin ladabi, ina neman a faɗa mini dalilin bambancin. Washegari ina cikin ba wani dattijo abin sha aka ce manaja tana kirana.

Abin da ta faɗa mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.