Kowace wayar fayiba da sunanta, a kai biyu

A ɗakin gwaje-gwaje, launin wayar fayiba, wato wayar da ke ɗaukar saƙo da haske ta cikin zaren gilashi, nau'inta kawai yake faɗa. Rawaya ita ce mai ƙwayar ciki ta maikiron 9, ruwan lemo kuwa OM1 ko OM2 ce, nau'o'in da ƙwayar cikinsu ta fi faɗi. In rawaya talatin suka fito daga akwati ɗaya, launi ya gama aikinsa, sai suna.

A ba kowace waya lamba guda da ba za ta canja ba, kamar F017, a manna ta a kai biyun, kusan santimita 5 bayan mahaɗi, wato kan da ake cusawa a na'ura, don ta karantu ba sai an zare wayar ba. Kada a rubuta inda take a jikinta. Gobe za a mayar da ita wani tebur, rubutun ya koma ƙarya. Wannan aikin littafin rajista ne: lamba, nau'i, tsawo, mahaɗin kowane kai, inda ta taso, inda ta sauka, asarar haske da aka auna da ranar awon. Wanda ya matsar da waya shi zai gyara layinta a rajista, nan take.

Zafin Sakkwato yana da nasa hukuncin. A Afrilu ana haura digiri 40, kuma in wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, gam ɗin salatif ɗin takarda yakan narke, alamar ta zame, ƙurar hunturu ta zo daga baya ta manne a wurin. A nemi alama bugaggiya mai farar leda da ke naɗewa kan rubutun. Siririyar waya mai milimita 2 ba ta da faɗin da rubutu zai zauna, sai a yi mata alama mai kamar tuta. Ɗauri kuma da Velcro, maɗaurin yadi mai mannewa da kansa. Maɗaurin roba mai haƙora yana matse gilashin, haske ya riƙa tsiyaya.

In an gaji wayar da ba ta da suna, kada a ja ta don a ga wace ta motsa. A sa mata fitilar gwaji mai jan haske na nanomita 650, a haska ɗaya kan a farar takarda. Ban yarda kowa ya leƙa da ido ba, domin hasken nanomita 1310 da na 1550 da wayar ke ɗauka ba a ganinsu, amma suna iya cutar da ido.

Sannan a rubuta launin mahaɗi ma. Shuɗi UPC ne, mai fuskar da ba ta karkace ba, kore kuwa APC, mai fuskar da ta karkace digiri 8. Aka cusa su wa juna, haske zai zube, fuskokin biyu kuma su iya karcewa.