Injin wanke-wanke ya ƙi jan ruwa: a fara duba tanki kafin fanel

Injin wanke-wanken da ke kicin ɗina ya girmi autata. Ƙirar Jamus ne, tokumbo, maigidana ya sayo shi a kasuwar Alaba lokacin da girkin suna da biki ya fara yi mini yawa, faranti da kofuna suka fi ƙarfin hannuna da na yarinyar da ke taya ni. Ba shi da gilashin nuna lamba irin na injinan yanzu. 'Yan fitilu ne kawai a gabansa, ɗaya da hoton famfo. A ƙarshen ranin da ya wuce wannan fitilar ta fara kamawa. In na rufe ƙofa na danna, sai ya yi gurnani na kamar minti guda, ya yi ƙas, ya yi tsit. In na buɗe, faranti na nan a bushe yadda na jera su.

Mai gyaran da aka fara turo mini bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya kunna, ya saurara, ya ce, "Hajiya, fanel ne ya ƙone." Fanel shi ne allon lantarkin da ke ba injin umarni. Kuɗin da ya faɗa ya kusa sayen wani tokumbon. Na ce ya bari in yi shawara da maigida. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, don na san gidaje a nan Agege da aka jingine lafiyayyen inji a bayan gida saboda wannan magana ɗaya, ruwan sama na dukansa har ya ruɓe. Fanel na ƙonewa, ban musa ba. Amma shi ya kamata ya zama na ƙarshe da za a zarga, musamman a garin nan.

Ƙanena da ya yi karatun lantarki a Yaba shi ya zo ranar Asabar. Bai kula injin ba tukuna. Ya leƙa ƙarƙashin sink, ya rufe ɗan famfon da tiyon injin ke ɗaure a kai, ya kwance tiyon, ya ce, "Yaya, miƙo mini bokiti mai lita goma." Ya tara, ya buɗe famfon gaba ɗaya yana duban agogon wayarsa. Littattafan da ke zuwa da yawancin injinan Turai sun ce famfon ya kamata ya ba da aƙalla lita 10 a minti guda. Namu minti ya cika bokitin bai kai rabi ba, ruwan kuma da ɗan ja-ja.

Nan ne gizo ke saƙar. An ƙera waɗannan injina ne don gidajen da ruwa ke zuwa ta bututun gari da ƙarfinsa. Mu a Legas yawancinmu rijiyar burtsatse ce, inji ya ɗaga ruwa zuwa baƙin tanki a kan ƙarfe, daga nan nauyinsa ne kaɗai ke gangaro da shi. Lissafin ba wuya: tsayin mita 10 tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo shi ke ba da matsi na kusan bar 1. Da yawa daga cikin injinan nan rabin bar ne mafi ƙarancin abin da suke nema, wato mita 5, wasu kan yi haƙuri da ƙasa da haka kaɗan. Wanda ke ƙasan bene zai iya samu. Ni a sama nake, tankinmu kuwa bai fi rufin ɗakina da wani abin kirki ba. Ashe duk shekarun nan a kan gaɓa injin yake aiki. In tanki ya cika ya samu ya sha, in ruwa ya yi ƙasa ya sha da ƙyar. Shi ya sa tun da can yakan fi ba ni haɗin kai da safe, bayan an yi fampin.

Bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya ma ba ƙarfin wuta kaɗai ke buɗe shi ba. Wuta tana jan wani ɗan ƙarfe ne ta buɗe ƙaramin rami, sai matsin ruwan da kansa ya ɗaga robar da ke ciki. In ruwa ba shi da ƙarfi, robar ba ta ɗaguwa sosai. Injin kuma yana da ƙayyadadden lokacin da yake jira. In 'yan mintunan suka wuce bai ji ruwa ya kai inda yake so ba, sai ya haƙura ya kunna fitilar famfo, don kada ya zafafa hita a bushe. Gurnanin nan na farko kuwa da ke sa mutane su zaci ya fara aiki, ɗan injin da ke zuƙe ruwa ya zubar ne. Kowane wanki da shi yake farawa, ya kwashe abin da ya kwana a ciki. Jin sa alama ce mai kyau, domin yana nufin wuta na shiga, ƙofa ta kama, fanel kuma na ba da umarni.

Sai ƙanena ya juya bakin tiyon ya haska da fitilar waya. A ciki akwai 'yar matata ta roba, girmanta bai wuce kan babban yatsa ba. Ya sa filaya mai tsini ya zaro ta a hankali. Ba a ganin ramukanta ko kaɗan. Jar laka ce ta daskare a kai, da ƙananan yashi, da wani baƙin zare-zare na gansakukar tanki. Ya jiƙa ta a ruwan tsami, ya goge da tsohon burushin haƙori, yana ɗaga ta sama har haske ya fara ratsawa. Ruwan rijiyoyin burtsatse da yawa a Legas na da sinadarin ƙarfe, shi ne ke rina tayil da farin kaya, kuma da rani in ruwa ya ja baya yashi kan biyo. Duk wannan a gindin tanki yake taruwa. Ranar da aka bar tanki ya ƙare ƙarƙaf sannan aka yi fampin, sai ruwan ya tayar da lakar ta bi bututu, wannan 'yar matata ce ke tare ta.

Akwai masu gyaran da in suka ga haka sai su jefar da matatar su mayar da tiyo, ruwa ya wuce, a biya su a yi godiya. Kada ki yarda. Yashin da take tarewa cikin bawul zai shiga, ya maƙale a robar, wata rana bawul ya ƙi rufuwa, ki tashi da asuba ki tarar kicin ya zama tafki.

Da aka mayar da matatar, muka jira aka cika tanki, injin ya ja ruwa. Na ji sautin nan na shuuu da na yi kewarsa. Amma ƙanena ya ce in ba a gyara tushen ba, kafin azumi zan sake kiransa. Muka sa aka wanke tanki, abin da ya fito daga gindinsa ya cika bokiti da jar laka. Mai gyaran famfo ya ɗaura mana matatar ruwa mai kwalba a kan bututun da ke shiga kicin, wadda ake gani ta waje in ta yi datti a canja cikinta. Ya kuma sa ɗan ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, mai tashi da kansa in an buɗe famfo. Duka kuɗin bai kai rabin na fanel ɗin da aka ce in saya ba, shawa ma ta amfana.

Ba kowace matsala ce ta tanki ba, kuma tunda labarin ya bazu a tsakanin matan da muke harka tare, na ga wasu iri. Wata aminiyata a Idi-Araba ta kira ni, nata injin ba ya yin shiru, gurnani yake ba tsayawa, ko an buɗe ƙofa, ruwa kuwa ko ɗigo ba ya ja. Wannan wani abu ne daban. A ƙarƙashin injinan Turai akwai tire, a cikinsa da wani farin soso mai iyo. In ruwa ya zuba a tiren, soson ya taso ya danna makunni, sai injin ya ɗauka yoyo yake yi. Nan take ya rufe hanyar shigar ruwa ya dinga zubarwa, don ya ceci gidan. Da na tambaye ta, sai ta ce sabulun injin ya ƙare, 'yarta ta zuba sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Kumfa ta cika injin ta malala ƙasa. Aka cire fulogi, aka jawo shi waje, aka karkata shi baya ruwan ya tsiyaye, aka bar shi ya bushe da fanka, ya dawo daidai. Masu zama a ƙasan bene a unguwannin da ruwa ke shiga gida a Yuni da Yuli su ma su tuna da wannan tire. Amma in ba kumfa ba ce, ba ambaliya ba ce, kuma tiren ya sake cika, to akwai yoyo na gaske, ko robar ƙofa ko wani tiyo na ciki, sai an nemo shi. Karkatawa kullum ba magani ba ce.

Injinan Amurka kuwa nasu abin iyon a cikin wurin wanki yake, a ƙasa ta gaba, kamar kifaffen kofin roba. Ki ɗaga shi ki sake, ya kamata ya sauka da kansa ki ji ɗan ƙas. In cokali ko guntun ƙashi ko daskararren maiƙo ya tokare shi a sama, injin zai ɗauka ya cika. Mu da ke girki da manja da man shanu, maiƙo ba ya mana kaɗan.

Ƙofa ma a duba ta. Danshin Legas na cin ƙarfe, kuma in an yi ta ɗora nauyi a kan ƙofa tana buɗe, takan sauka kaɗan, maƙullin ya daina danna makunninsa. Irin wannan injin ko gurnanin farko ba ya yi. Ki ɗan tura ƙofar da hannu ta sama, in ya tashi, kin gano.

Sai wuta. Wutarmu volt 230 ce a takarda, amma kowa ya san yadda take zuwa wasu dararen, ƙwan fitila ja, fanka na juyi da ƙyar. A irin wannan wuta bawul kan yi ɗan zuuu ba tare da ya buɗe ba. Ki gwada shi lokacin da wuta ta cika kafin ki yanke hukunci. Hitar injin tana cin wajen watt 2,000, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, ƙaramar sitabilaizar firij ma haka. Injinan Amurka kuma volt 120 suke so, sai da taransfoma mai ƙarfi, kuma an sha ƙona musu bawul da fanel ta hanyar cusa su kai tsaye a soket.

In ruwa na da ƙarfi, matata tas, tire a bushe, ƙofa na kamawa, wuta lafiya, sai a zo kan bawul ɗin kansa. Nan aikin wanda ya san wuta ne, kuma sai an cire fulogi an rufe famfo. Ƙanena ya nuna mini yadda ake yi: ya zare wayoyi biyun da ke kan koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jikin bawul, ya ɗora mitar awon wuta. Na volt 230 mai lafiya kan nuna om (ma'aunin turjiyar waya ga wuta) dubu biyu zuwa huɗu ko kusa da haka. In mita ba ta motsa ba sam, koyil ya yanke, sai sabo. Ya kuma bi wayoyin da ido har inda suka shige, saboda ɓera na son gindin injin don ɗumi, kyankyasai kuma kan yi gida a bayan fanel, ƙazantarsu ta haɗa wuta. Waya ɗaya da ɓera ya gutsure ta ishi inji ya yi kamar ya mutu.

Wasu injinan tiyonsu na da ɗan akwati a bakin famfo. Bawul ɗin a ciki yake, kuma wayar wuta na bi ta cikin rigar tiyon har zuwa injin. Ba a yanka irin wannan tiyo, ba a tsoma akwatin a ruwa. Na taɓa ganin wanda aka datse shi don ya yi gajere aka ɗinka da na lambu, sannan ana mamakin ƙin jan ruwa.

In bawul ɗin za a saya, a cire tsohon a tafi da shi Alaba a hannu, kada a dogara da hoton waya. Kamanninsu ɗaya a ido, amma a karanta abin da aka rubuta a jikin koyil, a tabbatar 220 zuwa 240 ne ba 120 ba, a gwada bakin zaren da inda wayoyi ke shiga. A sa mai shago ya ɗora masa mita a gabanki, domin yawancinsu daga jikin wasu tsofaffin injinan aka ciro su. In kuma injin ne gaba ɗaya za ki saya, kunna shi fitilu su kama bai isa gwaji ba. A haɗa masa ruwa a nan shagon, ki tsaya har ya ja, ya fesa, ya zubar. Kafin ma ki bar gida, ki ɗauki bokiti ki auna famfon kicin ɗinki da yamma, lokacin da maƙwabta duk sun ɗiba tanki ya yi ƙasa. In lita goma ta ɗauki minti biyu ko uku, ki sa kuɗin injin ƙara ƙarfin ruwa da na matata a cikin lissafi tun kafin ki yi ciniki.