Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Leƙa Cikin Kaina

A makon jiya na tsaya a inda likitata ta tambaye ni ko zan shiga binciken da ake yi kan masu ciwon damuwa. Tun kafin ta rufe baki na amsa. Yaya ne dalili. Wata takwas ina kwance, shi kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Ƙanwata, lafiyarki ƙalau, ki tashi ki kama aiki." Na ce a raina in na kai masa hoton ƙwaƙwalwata, ai gani ya kori ji.

Aka sa na cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe, don na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Aka toshe min kunnuwa, aka tura ni cikin wani abu mai kama da bututu, ƙara tana tashi kamar a maƙera. Ta madubin da ke saman idona aka riƙa nuna min fuskoki, wata a tsorace, wata cikin baƙin ciki, wata da murmushi. Daga nan aka ce in kwanta shiru, kada in yi komai. Wannan shirun ya fi komai wuya. Tunanin da ke hana ni barci ya dawo sak: ba ki da amfani, kin zame wa kowa kaya.

Da na fito, malamar da ke binciken ta zaunar da ni. Ta ce na'urar ba ta karanta tunani, jini take bi, domin sashen da ke aiki yana jawo ƙarin jini mai iskar oksijin. Wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda ke sa ido kan haɗari, yakan zabura fiye da kima a wurin masu damuwa idan sun ga fuskar baƙin ciki. Akwai kuma wasu sassa da ke tashi aiki tare daidai lokacin da mutum yake zaune ba ya komai, yana tunanin kansa. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Marcus Raichle, shi ne ya bayyana su a 2001, kuma bincike ya danganta su da saƙa da warwarar da ba ta ƙarewa. Jikina ya yi sanyi. Ashe abin da nake sha da tsakar dare yana da mazauni.

Ta ba ni labarin wata likitar ƙwaƙwalwa, Helen Mayberg, wadda a 2005 a Toronto ta Kanada, tare da abokan aikinta, suka dasa siraran wayoyin lantarki kusa da wani wuri da ake kira sashe na 25 a ƙwaƙwalwar mutum shida da magani ya gagara, huɗu suka samu sauƙi.

Sai na roƙe ta hotona. Ta kama hannuna, ta ce, "'Yar'uwa, bambancin nan sai an tara hotunan mutane da yawa ake ganinsa. Hoton mutum ɗaya ba ya tabbatar da ciwon. Har yau da tambaya da sauraro likita ke gane shi."

Na fashe da kuka, don hujjata ta kuɓuce. Amma da daddare na kira Yaya, na kwashe duk abin da na ji na faɗa masa. Ya daɗe bai ce uffan ba, har na duba ko wayar ta katse. Can ya ce, "Yaushe za ki koma wurin likitar? Ni zan raka ki."

Abin da ya faru a gaban likitar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.