Inda tuwon masu waƙa ke fitowa a Garwa

A Garwa, a arewacin Kamaru, idan yaro ya ce zai shiga harkar waƙa, abin da ke fara zuwa zuciyar iyaye shi ne roƙo ko lalacewa. Haka aka yi a gidanmu. Kawuna ne kaɗai bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Ɗana, in da gaske kake, je ka zauna wurin masu yi, ka ga ta inda tuwonsu ke fitowa, sannan ka zaɓa." Maganarsa na bi.

Da rera waƙa na fara, kamar kowa. Sutudiyon da na je a unguwar Yelwa ɗaki ɗaya ne, an manna katifu a bango don su shanye amsa-kuwwa, ga kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ga fiyano ƙirar Yamaha. Tun ranar farko na lura cewa mawaƙi ne ke zaro kuɗi, mai haɗa kiɗa ne ke karɓa. Da waƙa ta fita kuwa, sai ta faɗa hannun masu turi a kasuwa, daga memori zuwa memori, daga WhatsApp zuwa Xender, mai ita ko sisi ba ya gani. Mawaƙan da na ga suna riƙe gida da waƙa, waƙar haya ce ke riƙe su: ta amarya da ango, ta ɗan takara, ta tallar shago, sai liƙi a filin biki. Kuma abin na da lokaci. Gab da azumi da bayan salla ba ka samun sukuni, haka in manoma sun karɓi kuɗin auduga. Da an ga watan Ramadan kuwa, sai kayan kiɗa su koma ɗaki.

Akwai kuma batun harshe, wanda ɗan Kano bai san da shi ba. Daga Ngaundare har Marwa, Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis da makaranta. Hausa tana buɗe maka ƙofar Najeriya da Nijar da Chadi, amma a can za ka yi karo da mawaƙan Kannywood da suka riga suka kama kunnen jama'a. Na ga wanda ke baiti da Hausa, amshi da Fillanci ya fi kowa samun gayyata.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne aikin sauti. Wani dattijo mai hayar lasifika ya ɗauke ni ɗan ɗauko, kuma na daɗe ban taɓa mikisa, na'urar haɗa sautuka, ba, sai naɗe waya da ɗaukar kaya. Yakan ce: "Yaro, kunne za ka fara koya, hannu ya biyo baya." A wurinsa na san dalilin ƙarar nan mai tsaga kunne da ke tashi a tsakiyar biki: makirfo ne ya fuskanci lasifika, yana sake ɗaukar abin da ta fitar. Ba a kashe komai da gaggawa. Rage sautin makirfon ake yi, a matsar da mai magana bayan lasifika. Na koyi cewa ba a manna wa kalangu makirfo a jikin fata, ana ba shi tazarar tafin hannu, don hawa da saukar muryarsa in makaɗi ya matse tsarkiya su fito sarai. Algaita kuwa ba ta neman taimako, nesa ake ajiye mata nata. Sai yaƙi da yanayi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, amfilifaya ta ɗau zafi ta mutu ana cikin rawa in ba a kafa mata fanka ba. Ƙurar hunturu na shiga maɓallai su riƙa ƙarƙara. Ba a haɗa kaya da janareta sai da na'urar daidaita wuta a tsakani. Ina son aikin nan har zuciya, don ranar da sauti ya fita tas, tsohuwar da ke can bayan rumfa ma tana jin sunan jikarta a bakin mawaƙiya. Kuma ko wa aka gayyato ya yi waƙa, mai sauti na da aiki a ranar.

Ɓangaren da na tarar kusan babu kowa a cikinsa shi ne na takarda, kuma abin na damuna. Kamaru na da dokar haƙƙin mallakar fasaha, lamba 2000/011 ta ranar 19 ga Disamba 2000, wadda ke kare aikin mutum tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa. Tun 2017 akwai SONACAM mai kula da haƙƙin mawaƙa, a Chadi kuma akwai BUTDRA mai irin wannan aiki. Amma da yawa cikin mawaƙanmu ba su san waƙa guda haƙƙi biyu gare ta ba: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Rashin raba su tun farko shi ke ɓata tsakanin mawaƙi da mai sutudiyo ranar da waƙa ta tashi. Yanzu duk wanda na yi wa aiki sai mun rubuta wa ya tsara, wa ya kaɗa, wa ta yi amshi, kowa ya sa hannu. Na fi dagewa kan 'yan amshi mata, don su aka fi sallama da kuɗin mashin, alhali muryarsu ce mutane ke bi.

Intanet ta ƙara wata sana'ar. Spotify ya iso Kamaru da Chadi a 2021, ga Boomplay da Audiomack da YouTube. Wasunsu, kamar Spotify, sai ta hannun dillali irin DistroKid ko TuneCore ake ɗora waƙa, da fayil ɗin WAV, ba MP3 da WhatsApp ya matse ba, kuma kowace waƙa na samun lambar shaida da ake kira ISRC. Kuɗin saurare ɗaya bai taka kara ya karya ba, gaskiya ke nan. Amfanin shi ne waƙa ta zauna da sunan mai ita, kuma mai shirya biki a Kusseri ko Njamena ya san inda zai same shi. Matashin da ya iya Faransanci da ɗan Turanci, ya iya cika waɗannan takardu, ya karɓi kafin alƙalami ta asusun waya na Orange Money kafin mawaƙi ya hau mota, ya zama manaja ko da bai iya baiti ɗaya ba.

Yau ina ɗaukar sauti a bukukuwa, da rana kuma ina naɗar murya a sutudiyo. Abin da nake nema yanzu shi ne ƙwarewa a tace sauti na ƙarshe, don har yau wasu mawaƙanmu Kano ko Yawunde suke aika waƙa a ƙarasa musu. Ina tara kuɗin zuwa Ngaundare in hau jirgin ƙasa, in je Yawunde in zauna wurin wanda ya iya.