Ƙofofi uku a Manchesta

Na leƙa Victoria Baths a Manchesta, gidan ninƙayar da aka buɗe a 1906, har yanzu abin yana cina a rai. Ƙofofin shiga uku ne, kowace da rubutu a samanta: maza ajin farko, maza aji na biyu, sai mata. Wurin iyo ma uku, na masu hali ya fi faɗi da ado. Masu kula da ginin sun ce ruwan da attajirai suka gama da shi ake tacewa a tura wa talakawa, sannan ya isa ga mata. Haba jama'a! A ƙungiyar iyo ta mata ta wannan gida Sunny Lowry ta goge, har ta ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da iyo a 1933.