Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar Gayyar Makarantarmu

A makon jiya na tsaya ne a inda matan unguwarmu suka ɗora mini riƙon kuɗin ƙungiyar iyaye mata ta makarantar firamare, duk da cewa karatuna bai wuce aji shida ba, kuma ban san wani lissafi ba sai na man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da nake sayarwa. Ban cika wata biyu da karɓar wannan amana ba aka yi abin da ya girgiza Maradi baki ɗaya.

Ranar Litinin 8 ga watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a cikin gari, yara fiye da 20 suka rasu, kuma watanni kaɗan kafin nan an yi irin wannan rashi a Yamai. Makarantarmu tana da azuzuwan zana uku a lokacin, autana yana cikin ɗaya daga cikinsu. Daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye na raka shi har bakin ajin, na tsaya ina kallon busasshen karan da aka yi jinka da shi da ƙofa guda ɗaya da yara sama da sittin suke shiga ta cikinta, sai na kama hannunsa muka koma gida. Iyaye da yawa haka suka yi. Gwamnati ta hana azuzuwan zana a makarantun renon ƙananan yara, amma namu na firamare suna nan, kuma kowa ya san ginin hukuma ba zai iso kowace unguwa a shekara ɗaya ba.

Darakta ya kira taron iyaye a gindin dogon yaro, mai unguwa da liman da shugaban kwamitin kula da makaranta suna zaune a gaba. Ya ce a yanka wa kowane gida jika biyu a gina aji ɗaya na bulo. Wuri ya yi tsit. Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne: shekara biyu kafin zuwansa an taɓa tara kuɗin gyaran famfo, famfon bai gyaru ba, kuma ba wanda ya fito ya ce ga inda kuɗin suka shiga. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda take riƙon jikoki uku, ita ce ta fasa shirun. Ta ce, “Mushe, ba ƙin ƴaƴanmu muke yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.”

Wani matashin malami ya kawo shawarar a yi kermes, a sayar da abinci, a yi wasanni da tambola. Liman ya ce tambola caca ce, kuma ba zai kira mutane zuwa wurin kiɗa da cakuɗuwa ba. An daɗe ana ja, har mai unguwa ya ce a bar sunan kermes a kira shi gayya, tun da kakanninmu da gayya suke nome gonar wanda ya gaza. Aka tsayar da cewa za a buɗe da karatun Alƙur’ani da addu’a ga yaran da suka rasu, sannan a yi wasan kwaikwayo da langa da kokawar yara, mata su girka abinci a sayar. A nan ne na miƙe, muryata tana rawa, na ce, “Baba, ina da sharaɗi ɗaya. Ba zan riƙe ko dala ba sai an kafa allo a bakin ƙofar makaranta, duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita a rubuta shi da alli, mai wucewa ya karanta.” Mai unguwa ya dube ni ya ce, “Ɗiyata, an ba ki allo.”

Mako uku muka yi muna bin gida gida. Daminar shekarar ba ta yi kyau ba a wurare da yawa, hatsi ya yi tsada tun kaka, saboda haka ba mu yanka wa kowa komai ba, muka ce abin da ya sawwaƙa. Wata ta ba da tiya biyu ta gero, wata kwalbar mai, wata ƙullin barkono da albasa, wata ta ce ba ta da komai sai ƙarfinta, za ta yi daka. Kowace yamma ɗalibai biyu na aji shida suke rubuta abin da aka samu. A makon farko mutane suna wucewa suna satar kallon allon, a mako na biyu sai ga maza suna tsayar da babur suna neman sunan gidansu, wanda bai gani ba ya aiko da nasa washegari. Tsohuwa mai daddawa ta zo da rabin tiya na gero a bakin zanenta da ƙwallayen daddawa goma, ta ce kada a rubuta don ya yi kaɗan. Na ce, “Inna, sharaɗin da na kafa bai ware kowa ba.” Ta sa jikanta ya karanta mata layin sau biyu.

Mun je wurin alhazai ma. Wani ya karɓe mu da fara’a, ya yi alkawarin buhu ashirin na siminti a gaban jama’a, har yau ba mu ga ko ɗaya ba, kuma abin ya yi mini ciwo domin mun riga mun sa shi cikin lissafi. Wani kuwa bai ce mana komai ba sai “Allah ya taimaka”, da dare sai ga amalanke da buhu goma sha biyar da buhun shinkafa, tare da saƙon cewa a rubuta “wani bawan Allah”. Samarin fadar unguwa suka ɗauki nauyin ɗebo ruwa da itace da aron tabarmi, biyu daga cikinsu suka tafi Jiratawa da babur suka ciko buhuna da zogale.

Ranar Juma’a da dare muka kwana a makaranta, mu mata kusan talatin, cikin sanyin hunturu. Wurin kafa murhu ya jawo gardama, domin inda ya fi kusa da famfo yana dab da azuzuwan zana. Na ƙi. Muka kai murhu goma sha biyu can ƙarshen fili inda iska take kaɗa hayaƙi waje, muka jera bokitan ruwa da na yashi, aka sa samari huɗu gadin wuta har asuba. Wannan ya ninka mana wahalar ɗaukar ruwa, amma ba wadda ta sake magana. Ni aka ba dambu: a turara tsaki a madambaci, a sauke a barbaɗa zogale da albasa da dakakken ƙuli-ƙuli, a mayar ya sake turara, sannan a zuba mai. Wasu suna kan shinkafa da wake, wasu fura, wasu fanke da zoɓo.

Ranar Asabar jama’a ta fi yadda muka zata. Kwanon dambu dala 40 ne, na shinkafa dala 60, kuma ba a karɓar kuɗi a bakin tukunya. Sai an sayi ƴar takarda mai hatimin makaranta a teburina, a kai wa mai zubawa. Wajen azahar na lura da wasu ɗalibanmu sun jeru a jikin katanga suna kallon masu ci, cikinsu har da waɗanda iyayensu suka kawo gero. Na aika aka kira darakta da shugabar mata, muka ware tukunya biyu, kowane ɗalibi ya ci ba da kuɗi ba. Wani daga cikin kwamiti ya ce mun rage riba. Na ɗauki alli da kaina na rubuta, “Tukunya biyu, abincin ɗalibai”, na ce duk mai ƙorafi ya zo ya same ni.

Bayan la’asar aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili aka juye kuɗin a gaban kowa. Liman da wani malami suka ƙirga, ni ma na ƙirga, sau uku, domin yawancinsu tsaba ne. Cinikin abinci da gudummawar da aka jefa a ƙwarya suka kama jika 412 da dala 60, ban da siminti buhu 31 da aka tara. Magini, wanda ɗansa yake aji uku, ya ce wannan zai kai bango har inda za a ɗora rufi, shi kuma ya yafe rabin ladansa. Kwano da katako da ƙofofi biyu da na dage a kansu ba su samu shiga ba.

Ranar Litinin aka fara buga bulo, iyaye suka soma mayar da yaransu, ni ma na mayar da autana. Yadda muka yi da maganar rufi, da tafiyar da ta kai ni Katsina wurin ƴan unguwarmu mazauna can, shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.